Kunyar Ɗan Fari a Kan Waya

Kaura Namoda.

Zuwa ga Ɗan Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Innarka da sauran mutanen Shinkafi. Allah ya tsare ka a zamanka, ya tsare ka a tafiyar da ke gabanka, ya raba ka da sharrin hanya da na mutanen daji. Babanku yana gaishe ka, ƙanwarka Nafisa ma haka.

Na san za ka yi dariya. Mutumin da aikinsa ke nan ya sa maganar jama'a ta wuce ta iska, shi ne aka rubuto wa takarda aka ba direba. Yi dariyarka. A takarda dai ba mai kallon fuskata, kuma ina da magana mai tsawo.

Labarin aikin da ka samu a Fatakwal ya iso ni, kuma ka san ta inda ya biyo. Yaya Hajara ce ta kira ni ina tsakiyar tankaɗe, ta ce, "Rabi, ɗana ya samu aiki! Kamhwanin waya sun ɗauke shi, can Kudu za shi." Na ce masha Allah, Allah ya sanya albarka. Ta ce, "Ya ce a gaishe ki." Na ce ina amsawa. Na ajiye waya, na kwashe garin da ya riga ya fita tas na sake maida shi cikin rariya.

To bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro, don kada ka yi ta lalube. Kishi nake yi da Yaya Hajara. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri, kuma kishinta nake yi kamar in yi yaya. Na gaji da "ya ce a gaishe ki". Ina so in ka tafi ka riƙa kirana ni da kaina, a wayata, in ji muryarka ba tare da ta biyo ta Shinkafi ba. Wannan shi ne duk abin da nake nema. Sauran abin da za ka karanta nasiha ce, na ɗauro ta a bayan kurakuraina, don ban da su ba ni da wani abin koya maka. Boko kam ka wuce ni.

Ban san ko an taɓa faɗa maka yadda aka yi ka zama ɗan Shinkafi ba. A Zurmi na haife ka, a ɗakin kakarka. Ka san ta, Bafulatanar usuli ce, wadda har ta koma ga Allah ba a taɓa jin sunan Yaya Hajara a bakinta ba, don ita ce 'yarta ta fari. Haka ta ɗora ni. Ba na ɗaukarka in da mutane, ba na ba ka nono sai an watse, in ka yi kuka sai in kau da kai har wata ta ce, "Ke Rabi, don Allah ki ji ƙan yaron nan." Mata suna ta yabona, ni kuma yabon yana yi mini daɗi. Yarinya ce ni lokacin, yabo kuwa yana shiga kai.

Da lokacin yaye ya yi, Yaya ta zo ta goya ka zuwa Shinkafi. Ta daɗe da aure Allah bai ba ta haihuwa ba, kowa ya ga dacewar hakan. Yaye dai aka ce, ba kyauta ba. Da aka kwana biyu, wata rana ana bikin suna, gidan surukaina ya cika da mata, sai babanku ya leƙo ya ce, "Shin ba a zuwa a ɗauko yaron nan?" Duk ido ya dawo kaina. Zuciyata tana cewa a je yau ɗin nan, a je yanzu, bakina kuwa ya ce, "Ni ina ruwana? Mai ɗa tana riƙe da ɗanta." Aka yi shewa, wata tsohuwa ta dafa kaina ta ce Rabi akwai kunya. Babanku ya saki labule ya koma waje. Shi ke nan fa. Ba a sake tambayata ba, ni kuma ina ta jira a sake. Ni ce ma na laƙaba maka Ɗan Yaya don in samu abin kiranka, sunan ya bi ka, ya kuma zama gaskiya.

Saboda haka ka ji nasihata ta farko. Inda za ka ba garinmu ba ne. A nan in an miƙo maka abu ka ce a'a, akan sake miƙowa, wani lokaci har a tura maka cikin aljihu. Ko a nan ɗin ma ka ga yadda ta kaya da ni. Can kuwa na ji an ce sau ɗaya ake tambaya. In shugabanka ya ce wa ke son a tura shi ƙarin karatu, kana so, ka ɗaga hannu. In an ce ɗakin nan ya yi maka, bai yi ba, ka ce bai yi ba. Kara tana da kyau a kan nama da wurin zama, amma kada ka yi kara da abin da in ya tafi ba ya dawowa.

Ka taso kana zuwa mana hutu kamar baƙo. Ka ji yaran unguwa suna ce mini Malama saboda makarantar da nake koyarwa, kai ma ka ɗauka. Ita Inna, ni Malama. Na share hancin 'ya'yan mutane ba iyaka a aji, na ɗaura musu zariya, na goya masu zazzaɓi zuwa gidajensu, kai kuwa in ka durƙusa gaishe ni sai in amsa ina duban bango. Ran da aka yi maka kaciya Yaya ce ta yi jinya. Ran da ka sauke Alƙur'ani ita ce ta zauna a tsakiyar mata ana yi mata barka, ni ina can baya ina rabon waina. Na ga sabon zanen da ta ɗaura ran nan, shuɗi mai ratsin fari. Har yau ba na sayen atamfa mai irin wannan launi.

Sai Allah ya sake kawo mini dama, na sake yin wasa da ita. Da ka samu shiga poli ta nan Kaura, babanku ya sa aka share ɗakin zaure, aka yi masa sabon daɓe. Ni na saya maka katifa a ɓoye, na ce ta baƙi ce. Ran da ka zo da jakarka, babanku ya ce a gabanka, "Rabi, ga ɗaki nan, ko kina da magana?" Na ce, "A tambayi uwatai, kada ta ce mun ƙwace mata ɗa." Wasa na yi, irin wanda ake yi don a rufe kunya. Kai kuwa ka sunkuyar da kai, washegari ka kama ɗaki da abokanka a bakin makaranta. Shekarun nan duk kana garin nan, ina jin ƙarar kabu-kabu a ƙofar gida in ɗaga kai, amma duk ƙarshen mako motar Shinkafi kake shiga. In na yi dambu na aika Nafisa da shi, sai in ce ta ce ragowa ce aka rasa mai ci. Ba ragowa ba ce. Don kai nake tashi in gyara zogale, mutanen gida su ne ke cin ragowar.

A nan ma akwai abin ɗauka. Ka iya bakinka wajen wasa, musamman da wanda ke ƙasa da kai. Za a ba ka yara masu hawa ƙarfen sabis a ƙarƙashinka, kana ƙasa suna sama. Abin da ka faɗa da dariya, shi wanda aka faɗa wa ba lalle ne ya ji dariyar ba. In kuma ka yi wa mutum alheri, ka bar shi ya san alheri ne. Ban ce ka yi gori ba. Amma kyautar da aka ce ragowa ce, a matsayin ragowa ake cin ta.

Yanzu bari in zo kan ranar da ta fi tsaya mini a rai, Sallar layyar da ta wuce, da kuka zo tare da Yaya. Lokacin kana koyon aiki da masu kula da ƙarfunan sabis na wajen Zurmi. Bayan la'asar kuna zaune a tabarma a tsakar gida, ni ina madafi ina suya, tsakaninmu ba nisa. Yaya ta yi ta ƙorafin cewa ranar kasuwar Shinkafi waya ba ta shiga, sai a yi ta cewa a sake gwadawa. Ta ce, "Kai da ag ga aikin, mi ka hana ta shiga?"

Ka gyara zama ka ce, "Inna, mutane na sunka yi yawa. Amma da wayar zamanin hwarko ta, da ko rabin haka ba a samu. Waccan kamar shatar mota ta. In mutum guda ya kama hanya, tashi ta shi kaɗai har ya ƙare magana, kowa sai ya jira. Ta yanzu ko, na'ura ka maida muryarki lambobi, ta matse su, ta yayyanka ƙanana-ƙanana. Sai mutane da dama su hau hanya guda bi da bi, wanga ya sa guntu nai, wancan ya sa nashi, da sauri ƙwarai har kunne bai gane an yi layi."

Na rage wuta don ƙarar mai kada ta hana ni ji. Ka ci gaba da bayani cewa an rarraba ƙasa gida-gida, kowane ƙarfe da yankinsa. Hanyar da ƙarfen Kaura ke amfani da ita, na Shinkafi ma yana iya amfani da ita a lokaci guda, don sun yi nisa, ba sa jin juna. Ka ce in jama'a suka yi yawa a wuri, ba ƙara wa ƙarfe ɗaya murya ake yi ba, ƙarin ƙarfuna ake kafawa kusa-kusa, kowanne ya rage murya ya tsaya a yankinsa, sai wuri ya yalwata. Ka ce aikin da kake so ka ƙware a kai ke nan, lissafin inda za a ƙara da yadda za a raba. Sannan ka ƙara da cewa ko shirun da mutum ke yi a tsakiyar magana ba a barinsa ya tafi a banza, in ka yi shiru na'ura ba ta ɗaukar shirunka, wurin sai ya amfani wani mai magana.

Ka san abin da Innarka ta ce bayan duk wannan? Cewa ta yi, "Ikon Allah! To shi ƙarhen, ba shi gajiya?" Sannan ta tura maka kwanon nama. Ko kalma ɗaya ba ta kama ba, na rantse. Ni kuwa da na kama duka, ni da na yi shekara da shekaru ina koyar da lissafi, ina tsugune a bayan katanga ina satar ji kamar ɓarauniya a gidana. Tambaya tana cina a baki: in an yayyanka muryoyin mutane an haɗa su a hanya ɗaya, yaya ake yi a can ƙarshe a gane guntun wane ne wannan? Taku kaɗan ne tsakanina da tabarmar, amma na kasa. Sai da kuka tafi na sa Nafisa ta tambaye ka a waya kamar ita ce ke son sani. Ka ce mata kowane mai magana da nasa zagayen da alamarsa, na'urar can tana tsince nasa ta harhaɗa. Har ka yaba mata, ka ce tambayar masu kai ce. Nafisa ta yi ta fankama da yabon da ba nata ba, ni kuma naman ran nan ya ƙone mini a kasko.

Tun ranar nake tauna maganar nan. Hanya ɗaya tana ɗaukar mutane da yawa ba wanda ya ture wani, kai ne ma mai ƙara musu wuri, amma layinka mutum ɗaya ce ta yi shatarsa. Duk lokacin da Yaya ta ce mini, "Jiya mun daɗe muna hira da shi," sai in kwana ina tambayar kaina. Me kuke cewa haka? Ciwon ƙafarta da tsadar gero? Ni ma ina da ƙafa, ni ma ina sayen gero. Zancen shirun nan kuwa da ka yi, ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, don na san wadda ta yi shiru da wadda wurin ya amfana.

In kana bayani, a ofis ne ko a gida, ka riƙa duba bayan katanga. Ba kullum ne wanda ke gabanka yana gyaɗa kai ya fi fahimta ba. Wani yana gefe bai ce uffan ba, kuma shi ne maganar ta shiga. Ka jawo shi da kanka, don wani ko za a yanka shi ba zai matso ba.

Akwai abin da na yi wanda ko babanku bai sani ba, shi ma kishin ne ya jawo. Ka tuna lokacin da aka rufe sabis a jihar nan gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, kana can wajen bautar ƙasa? Mutane sun sha wuya. 'Yan kasuwar hatsi sai sun shiga mota sun bar jiha kafin su ji farashi, mai mara lafiya a nesa ba ya jin halin da ake ciki. Kowa yana kuka, ni ma ina taya su a baki. Amma can cikin raina wani sanyi nake ji, ina cewa yau dai ni da Yaya mun zama ɗaya, ba mai jin muryarsa. Ka ji fa, malamar makaranta guda, jiha tana cikin ƙunci ita tana murna an toshe kunnen 'yar'uwarta.

Allah kuwa bai bar ni na ji daɗin ba. Ka rubuto takarda ka ba wani direba, ya kai Shinkafi. Yaya ba ta karatun boko, kuma ta ce ba mai karanta mata sirrin ɗanta sai 'yar'uwarta. Ta shigo mota a wannan hali na hanya, ta zo har ɗakina ta miƙo mini. Na zauna na karanta mata da bakina: Innata, ina kewarki, ina kewar tuwonki, kada ki riƙa ɗaukar ruwa da kanki. Tana share hawaye tana cewa in maimaita wurin tuwon. Na maimaita. A can ƙasa, bayan gaisuwar maƙwabta da ta mai shagon ƙofar gidanku, ka sa: a gaida Baba da Malama. Na ninke takardar na ba ta, na tashi na ɗora mata ruwan wanka.

Kada ka taɓa yin murna don wani ya rasa abin da kai ba ka samu ba. Ba ya ƙara maka komai, na gwada. A wurin aikinka za a ɗaga wani a bar ka, wataƙila wanda ka fi shi iyawa. Zai yi maka zafi, kada ka ce bai yi ba, ni ban yarda da masu cewa ba sa jin komai ba. Ka je ka yi masa barka da ƙafarka, ka dawo ɗaki ka yi alwala. Abin da na hana ka shi ne ka zauna kana jira ya faɗi.

Satin da ya wuce Yaya ta zo Kaura sayen kayan da za ta haɗa maka, kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, kamar nan gidan ba a san hanyar kasuwa ba. Na riga na haɗa maka nawa, suna cikin buhu a bayan ƙofa, na ja zane na rufe. Muna zaune tana ƙulla kayanta a leda, ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce, "Yaya, ke dai kin ji daɗi, kullum ana kiranki."

Ta ajiye ledar ta dube ni. Ta ce, "Rabi, ashe abin na cin ki? To ke kinka kore shi. Kullum sai na ce mai ya kira ki. Shi ka ce mani, 'Inna, in na kira Malama, ina yin sallama sai ta ce ga Nafisa, ko ga babanku. Ba ta son magana da ni, kada in takura mata.' Yaro na ta kira kina miƙa waya, mi kika so ya yi?"

Na buɗe baki in musa, na tuna gaskiya ce. Tun wayar farko da ta shigo gidan nan haka nake yi. In na ga lambarka murna ta kama ni, in danna, in ji sallamarka, sai hannuna ya miƙa wa na kusa kafin in yi shawara da shi. Daga nan in koma gefe ina tsintar maganar daga bakin Nafisa. Ni a ganina kunya nake yi, irin wadda aka yabe ni a kanta. Ban taɓa kawowa a raina cewa kai a can ɗaya gefen kora kake ji ba.

Kana tsammanin na gode wa Yaya? Haushi ne ya kama ni. Wato har ɗan kiran da nake samu, ita ce ke sa ka. Har wannan ma sadakarta ce. Ta san abin da ke ranka game da ni, ni ban sani ba. Na raka ta tasha ina fara'a, na dawo na kasa cin abinci. Ita kuwa baiwar Allah ko a jikinta, har tana ce mini ta taga mota in riƙa shan maganin hawan jinina.

Duk da haka ga nasiha a kanta, kuma ka san ba da sauƙi take fita daga hannuna ba. Kada ka rage wa Innarka komai. Ita ta yi tsarkinka, ita ta sayar da tumakinta lokacin da za ka shiga makaranta, ita ta san abincin da ke ɓata maka ciki. Ba ta da kowa sai kai. In ka samu albashin farko, ita ce farko. In ka tashi aure, ita za ta zauna a matsayin uwar ango, ni in koma rabon waina, na saba. Ban ce ka ɗebe daga nata ka ba ni ba. Kai da bakinka ka ce ana ƙara wuri ba tare da an ture kowa ba, to ka nuna mini aikin naka a gida. Ran da kuma Allah ya ba ka ɗan fari, ka ɗauke shi a gaban kowa, ka kira sunansa da ƙarfi, duk tsohuwar da ta ce ba ka da kunya ka ce ni na sa ka.

Sauran kuwa ka san su. Ka riƙe salla a kan lokaci ko kana bisa ƙarfe ne, ka sauko ka yi. Kada ka hau ba ɗamarar tsaro don wai kana sauri, kada kuma ka bar yaranka su hau. A mota, daga Shinkafi har ka wuce Gusau, kada ka faɗa wa kowa irin aikin da kake yi, ka san akwai waɗanda sabis ke taimako da waɗanda yake tona wa asiri. Ku fita da rana tsaka tare da sauran motoci. In ka isa, ka nemi mutanen kirki, ba lalle sai 'yan garinmu ba.

Saura magana ɗaya. Washegarin zuwan Yaya na ce to bari in gyara. Na jira babanku ya fita kasuwa, na aiki Nafisa gidan maƙwabta, na shiga ɗaki na nemo lambarka na danna da kaina. Ka ɗauka ka ce, "Salamu alaikum, Malama." Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ban san da me ake farawa ba. Ka ce, "Malama? Malama, kina jina?" Ina jinka sarai, har ƙarar janareta a bayanka ina ji. Ka ɗan jira, ka ce, "Sabis na bai da kyau," ka kashe.

Shekaranjiya sai ga direba da ƙaramin kwali. Nafisa ta ce ka kira ta ka ce ka sa an duba ƙarfen unguwarmu, lafiyarsa lau, don haka wayata ce ta tsufa, ga sabuwa ka aiko. Na gode, Allah ya yi maka albarka, kyakkyawa ce ƙwarai. Shi ne abu na farko da ka taɓa aiko mini ni kaɗai ba ta hannun Yaya ba, na kuma duba na tabbatar ita ba ka saya mata irinta ba. Amma tsohuwar wayar ba abin da ya same ta. Sabis ma ƙalau yake, kun yi aikinku. Ni ce.

Saboda haka in ka sauka Fatakwal, ka kira Innarka ka ce ka isa, don na san ita za ka fara kira ko na ce ko ban ce ba. In kun gama, ka kira ni. Zan ɗauka, kuma ba zan miƙa wa kowa ba, ko da zan zauna a kan ɗaya hannun ne. In ka ji shiru kada ka kashe, kada ka sa a duba ƙarfe, kada ka sake sayen waya. Ka yi ta magana kai kaɗai, ka faɗa mini yadda hanya ta kasance da abin da ka ci. Ina nan ina ji. Ka ba ni lokaci, ban taɓa yi ba ne.

Buhun da ke bayan ƙofa na ba direban nan tare da takardar. Ba ragowa ba ce, kai na haɗa wa.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka shiga garin da ƙafar dama, ya haɗa ka da shugabanni masu adalci. Allah ya tsare gabanka da bayanka, a ƙasa da bisa ƙarfe, ya dawo mana da kai cikin aminci, ni da Yaya duka. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi.